Shekara Shida Ina Hawan Camry Masul

Ranar da na fara ɗauko Inna daga Azare a motar nan, ko gadar Jama'are ba mu kai ba barci ya kwashe ta. Wanda bai san Inna ba ba zai ga abin faɗi a nan ba. Tsohuwa ce mai fama da ciwon baya, kuma duk sanda za ta zo Kano ganin likita a motar haya, inda ake cusa mutum huɗu a kujerar baya, sai ta kwana biyu tana jinyar hanya kafin a shiga maganar ciwon da ya kawo ta. Ran nan kuwa ba ta farka ba sai da muka shigo Hotoro. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai ta ce, "Kai wannan, har mun iso?" Na ce mun iso, Inna. Ta shafa kujerar da tafin hannu ta ce, "Allah Ya yi albarka, Ya tsare ka da ita."

Na fara da wannan ne saboda duk wanda ya tambaye ni ra'ayina kan Toyota Camry ta 2009, wadda 'yan kasuwar mota ke kira Masul, abin da ke fara zuwa raina ke nan.

A farkon 2019 na saye ta, 'yar Beljiyam kamar yadda muke faɗa, ko da yake ba ta taɓa ganin Beljiyam ba. Daga Amurka ta fito. Lambar jikinta da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba ta fara ne da 4T1, alamar cewa a masana'antar Georgetown da ke jihar Kentucky aka haɗa ta. Wadda ta fara da harafin J kuwa daga Japan take. Tun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, don haka na tsaya kai da fata sai da na ga takardun kwastan na tashar ruwan Legas kafin na biya ko kwabo. Na kuma sa an ɗaga ta an duba ƙarƙashinta, domin motar da ta zauna a jihohin da ake zuba gishiri kan titi lokacin ƙanƙara, tsatsa ta kan cinye ta daga ƙasa alhali samanta na sheƙi.

Samfurin nan daga 2007 zuwa 2011 aka yi shi. Na 2007 zuwa 2009 injinsu mai silinda huɗu ne, lita 2.4, ƙarfin doki 158, da giya biyar mai canza kanta. Daga 2010 aka koma inji lita 2.5 da giya shida. Akwai kuma mai silinda shida, lita 3.5, ƙarfin doki 268, wadda maƙwabcina yake hawa. Tawa ta farkon ce, LE, kujerun yadi, kalar ruwan toka.

Maganar laushi a hanya, gaskiya ba a yi mata ƙarya ba. Idan ka hau tagwayen titin da ya tashi daga Shuwarin zuwa Azare, ka rufe gilasai ka kunna esi, za ka iya hira da na kujerar baya ba tare da ka ɗaga murya ba. Ƙananan ramuka da facin kwalta tana haɗiye su, sai dai ka ji ɗan dum daga nesa. Bayanta da faɗi, manya uku za su zauna gwiwa ba ta dungurar kujerar gaba. But ɗinta na cin buhun shinkafa biyu da jarkar manja har da jakar yara, a rufe lafiya lau.

Amma na daɗe ban san cikakken laushinta ba, kuma dalilin ƙarami ne. Duk mai facin da na tsaya wurinsa sai ya ɗura wa tayoyin iska har 45 ko 50, wai haka ake yi. Motar ta riƙa tsalle a kan gargada kamar amalanke. Wata rana ina goge ta na lura da wata 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, an rubuta girman tayar, 215/60 R16, da yawan iskar da ake so, wanda bai wuce 30 da ɗoriya ba. Na sayi ɗan ma'aunin iska na ajiye a aljihun gaba. Tun daga ranar kamar an canza min mota. Ina roƙon duk mai mota ya buɗe ƙofarsa ya karanta takardar nan, yau ba gobe ba. Iskar da ta yi yawa, ga zafin kwalta a watan Afrilu, ga taya ta hannu da ta kwana biyu, mun san abin da ke biyo baya, mun kuma binne mutane a kansa.

Wannan laushin yana da farashinsa. A majalisarmu akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, da ya shekara kusan ashirin yana hawan Fijo 406 haɗin Kaduna. Na taɓa ba shi tuƙi daga Kano zuwa Wudil. Da muka sauka ya ce, "Malam, motarka katifa ce, amma ba ta kama ƙasa. Fijo in ka shiga kwana da ita kamar an ɗaure ta da titi." Ban yi musu da shi ba, domin gaskiya ya faɗa. Sitiyarin Camry sakayau yake, kuma in ka shiga kwana da gudu za ka ji jikinta ya karkata. Wani abokin aikina mai Honda Accord ta 2008, wadda ake ce wa Anakonda, shi ma haka yake faɗa, ya ce tasa ta fi jin magana a hannu. Na tuƙa tasa, haka ne. Sai dai a tasa kana jin duk wani tsakuwar da taya ta taka, kuma ni don bayan Inna na sayi mota.

Ƙasa-ƙasa take kuma. Tudun rage gudu da ake ginawa a unguwanni ba bisa ƙa'ida ba, in an cika ta da mutane, sai an bi shi a karkace. Da damina akwai ƙauyen kakanninmu da ba na shiga da ita, sai in ajiye ta bakin titi in hau babur. An sha ba ni shawarar a sa mata roba a ɗaga ta, na ƙi, domin na hau wadda aka ɗaga na ji yadda laushin ya tafi.

Ƙarfi kuwa daidai wa daida. Ba ta fizga kamar mai silinda shida ta maƙwabcina, wadda in ya taka totur sai ka ji bayanka ya manne da kujera. In ina son wuce tirela da mutum biyar a ciki ga esi a kunne, sai na lissafa, in ba ta fili, in taka sosai har giya ta sauko, sannan ta miƙe. Ban taɓa jin ta gaza ba, ban kuma taɓa jin ta ba ni tsoro ba. Abu ɗaya da ya kamata sabon mai ita ya sani: manyan lambobin malejin motar Amurka mil ne ba kilomita ba. Allura na kan 80, kai kana ganin a hankali kake tafiya, alhali kana dab da kilomita 130 a awa, kuma shirun motar ba zai gaya maka ba.

Shan mai a da ba ya cikin lissafina sosai. Tankinta lita 70 ne, kuma a farkon 2023 da lita ba ta kai naira 200 a hukumance ba, cika shi ba wani tashin hankali ba ne. Daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafi komai ya juya, har muka ga lita ta haura naira dubu a ƙarshen 2024. A nan ne na gode wa Allah da ban bi son zuciya na sayi babban inji ba. A takardar Amurka an ce tana yin mil 21 a galan cikin gari, mil 31 a babbar hanya, wato wajen kilomita 9 da kilomita 13 ke nan a lita. Tawa a hanyar Azare takan yi kusa da hakan in ban matsa mata ba. A cunkoson Kano kuwa, daga Ɗangi zuwa Kantin Kwari da rana tsaka, allurar mai kana kallo take sauka.

Sai maganar da ta fi ci min rai, wadda ita ce ma ta sa na zauna rubutun nan, wato ƙarko.

Kowa ya san kirarin da ake yi wa Camry, wai ba ta mutuwa. Injin nan sarƙa gare shi a maimakon bel na taimin, ba ruwanka da fargabar tsinkewarsa. Kayan gyaranta kuwa ko ina akwai, in ka shiga Ƙofar Ruwa daga madubi har inji sukutum za ka samu. A shekara shida abin da na canza saboda tsufa bai wuce batir sau biyu, takalman burki, fulogi, shokazoba na gaba da bushin-bushin ƙafa ba. Akwai abubuwa biyu da masu samfurin nan suka yi kuka da su a duniya, wato shan baƙin mai a wasu injinan 2.4 da narkewar fatar dashbod a ƙasashe masu zafi, kamfanin ma ya amsa a Amurka ya gyara wa mutane da yawa. Tawa Allah Ya kiyaye, sai dai duk Asabar ina zare sandar awon mai in duba, dashbod kuma tun makon farko na sa aka ɗinka masa shimfiɗa.

Sau ɗaya tak ta taɓa ajiye ni a hanya, kuma ba laifinta ba ne.

Bazarar 2021 na ga allurar zafi ta ɗan haura tsakiya in na daɗe a cunkoso. Na kai ta wani gareji kusa da wurin aikina. Bakaniken bai ko sunkuya ya duba ba ya ce ai tamostat ne, na ƙasar sanyi ne, a nan ba a barin sa. Ya cire ya jefar, ya kira rewaya ya haɗa fanka kai tsaye, da ka murza makulli take tashi ba ta tsayawa sai ka kashe. Ya zubar da jan ruwan da ta zo da shi ya cika lagireto da ruwan rijiya. Na biya na yi godiya, don allura ta koma ƙasa. Watanni na tafiya ina ganin shan mai ya ƙaru, ban haɗa shi da wannan ba.

Wata Juma'a, ranar kasuwar Wudil, na taho da Inna da ƙanwata. Motocin shanu sun toshe bakin gada, mun fi rabin awa muna jan ciki. Sai na ji esi ya daina sanyi, na kai ido kan allura na gan ta tana hawa ja. Na samu na raɓe gefen hanya na kashe. Da na ɗaga bonet, tururi na huci ta bakin robar ruwa, fanka kuma tsit, wari kamar an ƙona waya. Ta gaji da juyawa dare da rana ta ƙone. Na shimfiɗa wa Inna darduma a inuwar wata rumfar mai rake, tana zaune tana jan carbi, zufa na bin wuyanta, ba ta ce min komai ba sai "Sannu, Allah Ya sa iyakarta ke nan." Har yau in na tuna zaman nan nata sai in ji ba daɗi.

Wani yaro ya kira mana wani tsohon bakanike a nan garin. Bai taɓa komai ba sai da injin ya huce. Ya haska tocila ta bayan lagireto ya ce in leƙa, na ga ƙura da ƙaiƙayi da fukafukan ƙwari sun toshe ramukan kamar an yaɓa laka. Ya cire murfin ya nuna min robarsa ta tsattsage. Ya ce, "Alhaji, ciwonta na farko ke nan, wanki take so da murfi sabo. Wanda ya ƙera ta ya san da zafi, ai ana hawanta a Saudiyya." Ya yi min bayani dalla-dalla: tamostat ƙofa ce da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumin da yake buƙata, wajen digiri 82, sannan ta buɗe. In babu ita inji kullum a sanyaye yake aiki, kwamfutar motar kuma sai ta ɗauka har yanzu safiya ce ta yi ta ƙara masa mai. Ruwan rijiya kuma kanwa-kanwa yake tarawa a hanyoyin ruwan yana cin ƙarfe. Ya ce da na ƙara minti biyar ban kashe ba da gasket ya ƙone, kan injin nan kuma na alminiyam ne, in ya lanƙwashe sai an yi da gaske.

Ranar da fankar aro muka ƙarasa Kano. Mako na zagayowa na koma wurinsa takanas da sabon tamostat, da fanka, da murfi, da galan na jan ruwa. Ya mayar da wayoyin yadda suke tun asali. Shi ne kuma ya hana ni barin kowa ya zuba mata man giya barkatai, ya ce nata daban ne, ana rubuta WS a jikin robarsa, kuma giyar motoci da yawa a garin nan man da ba nasu ba ne ya kashe su. Tun daga lokacin duk abin da ya wuce juyen mai, Wudil nake kai ta, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba in hanya a buɗe take. Allurar zafi kuma tana nan ɗan ƙasa da tsakiya, ko a Afrilu ko a hunturu, ba ta motsi.

Shi ya sa in na ji mutum a majalisa yana cewa Masul ɗinsa ta zama rijiya, nakan tambaye shi a natse wane ruwa ke cikin lagiretonsa, wane mai ke cikin giyarsa, ko an fasa salansa an sayar da abin tace hayaƙin da ake kira indomi, ko fitilar gargaɗin inji tana kunne an liƙe ta da baƙin salatif. Sau da yawa amsar duka ɗaya ce.

Watan jiya wani dillali ya tare ni a bakin masallaci ya yi mata tayin da ya ninka abin da na saye ta, saboda yadda naira ta faɗi. Na gaya wa maman yara, ta ce in na sayar me zan saya da kuɗin? Na yi shiru, domin kuɗin ba zai kawo min irinta mai lafiyarta ba. Shokazoba na baya sun fara sanyi, ina jin su in an ɗora kaya, kuma su zan fara canzawa in albashi ya shigo, domin likitan Inna ya ba ta ranar dawowa a farkon watan gobe.