Hasken UV-C a gonar inabi: me ya sa sai da dare, kuma nawa ya isa?

Farar fumfunar inabi, wadda masana ke kira Erysiphe necator, ba ta shiga cikin ganye ta ɓuya. A saman ganye da ɓawon 'ya'yan take shimfiɗa zarenta, ɗan bakin tsotso kawai take cusawa cikin fatar tsiron. Zaren kuma ba shi da launin da zai kare shi daga haske. Nan ne hasken UV-C, wani nau'in haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, ya samu lagonta.

Wannan haske ba ya isowa ƙasa daga rana, iskar ozon ta tare shi tun daga sama. Daga fitilun zaiba ake samunsa, irin waɗanda ake tsabtace ruwa da su, masu fitar da haske mai tsawon zango nanomita 254 (nanomita shi ne ma'aunin da ake bambanta nau'o'in haske da shi). Da ya sauka a kan fumfuna sai ya lalata DNA ɗinta. Sai dai tana da wani sinadari, fotolayes, da ke gyara ɓarnar, kuma ba ya aiki sai ya samu shuɗin haske da UV-A na rana, wato ɗan'uwan UV-C mai rauni da ke isowa ƙasa. Wanda ya haska gonarsa da hantsi ya yi aikin baban giwa, domin fumfunar za ta gyara yawancin abin da aka lalata mata. Masu bincike a Norwe, tare da ƙungiyar David Gadoury ta Jami'ar Cornell a Amurka, sun nuna cewa da dare adadi kaɗan ya isa ya kashe ta ba tare da ƙona ganye ba. Don haka a fara bayan faɗuwar rana, a gama saura aƙalla awa 4 rana ta fito.

Adadin da aka fi gwadawa a gonakin inabi shi ne jul (ma'aunin yawan kuzarin haske) 100 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, sau ɗaya ko sau biyu a mako. Lissafin ba wuya: ƙarfin hasken da ke sauka a kan ganye, a ninka shi da daƙiƙun da ganyen ya yi a ƙarƙashinsa. A ce ma'auni ya nuna wat 40, wato jul 40 kowace daƙiƙa, a murabba'in mita, to jul 200 na buƙatar daƙiƙa 5. Idan tsawon rumfar fitilun mita 2 ne, dole tarakta ta riƙa cin mita 0.4 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 1.4 a awa. Direba ya ninka gudu, adadin ya ragu da rabi. Ya tsaya a tsakiyar layi fitilu na kunne, ganyen wurin zai ƙone.

Ita rumfar, ana ƙera ta ne ta lulluɓe layin inabi ta sama da gefe biyu, a jera fitilu a ciki, a sa allon alminiyum mai sheƙi a bayansu don hasken ya riƙa dawowa ta kowace kusurwa. Wannan allon ba ado ba ne. UV-C ba ya ratsa ganye, abin da ya taɓa kawai yake kashewa, kuma nonon inabin da ke ɓoye cikin duhun ganye bai san an yi ba. Shi ya sa rage ganye a kewayen 'ya'yan da ɗaure rassa su miƙe suke da muhimmanci kamar fitilun kansu. A ganina, wanda bai gyara kurangarsa ba gara kada ya ɓata kuɗinsa a kan fitila.

Wani abin da ke yaudarar mutane shi ne shuɗin hasken da ido ke gani. Ba shi ne UV-C ba. Fitila na iya ci gaba da haskawa alhali ƙarfinta ya ragu saboda tsufa, ƙura, ragowar maganin feshi ko sanyin dare. A riƙa goge ta, a kuma auna ta da ma'aunin da aka yi don nanomita 254.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne daga fure zuwa kamar mako 3 ko 4 bayansa, lokacin da 'ya'yan ke da saurin kamuwa. A fara haskawa tun kafin a ga farin garin a ganye, kada kuma a yi fashi, domin hasken ba ya barin komai a jikin tsiro da zai tare ƙwayar da iska za ta kawo gobe. A gwajin Cornell an ga ya rage ruɓewa mai tsami, bai kuma taɓa yawan amfani ko zaƙin 'ya'yan ba. Amma wata cutar inabi, Plasmopara viticola, da ke rayuwa cikin naman ganye, hasken bai isa ya magance ta ba. Feshinta na nan daram.

Bayan girbi aikin hasken ya ɗan bambanta. Ɗan ƙaramin adadi yana firgita ɓawon inabi ya samar da resberatirol, sinadarin da tsiron ke kare kansa da shi daga fumfuna mai ruwan toka, Botrytis cinerea. Wani bincike da aka wallafa daga Italiya a 1998 ya nuna jul 125 zuwa 500 a murabba'in mita sun rage ruɓewa, kariyar ta fi ƙarfi bayan awa 24 zuwa 48, sama da jul 1,000 kuwa ɓawon ya soma sauya launi. A juya nonon inabin kowane gefe ya samu. A kuma sani cewa sanyi na rage saurin samuwar sinadarin, ga shi inabin ci yana son a kai shi kusa da digiri 0 na Salsiyus da wuri don kada sandarsa ta bushe. Dole mai ajiya ya auna wanne ya fi masa.

Mai aikin ma yana buƙatar kariya. UV-C yana ƙona fata da ido, zafin kuma ba ya tashi sai bayan wasu awanni, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi a ido. A rufe dukkan jiki, a sa safar hannu da garkuwar fuska mai tare UV, a yi wa rumfar labule gaba da baya, a sa makunni kusa da hannun direba. Fitilar da ta fashe akwai zaiba a cikinta, a kwashe ta da safar hannu a rufaffen mazubi.