Baro, Garin da Layin Dogon Kano Ya Faro

Da yawa daga cikinmu Kanawa mun ɗauka daga Legas aka jawo mana layin dogo. Alhali daga Baro aka faro shi, wani ɗan garin Nufawa a bakin kogin Kwara, cikin ƙaramar hukumar Agaie ta jihar Neja.

Ruwa ne ya sa Turawa suka zaɓi wurin. Idan kogi ya cika a ƙarshen damina, jiragen ruwa kan hauro tun daga bakin teku, su wuce Lakwaja, su sauke kaya a Baro. Ta nan aka shigo da ƙarafunan dogo da kawunan jirgi. A 1907 aka soma aikin, zamanin Gwamna Girouard, wanda dama gina layin dogo ne sana'arsa. Aka bi ta Badeggi, Minna, Kaduna da Zariya, dogo ya isa Kano a 1911. Duk labarin dalar gyada da kakanninmu ke ba mu, daga wannan gaɓar kogin ya samo tushe.

Sai dai cin kasuwar Baro bai daɗe ba. Layin Legas ya zo ya haɗe da wannan a Minna, aka kuma gama gadar Jebba, sai kaya suka riƙa wucewa kudu kai tsaye ba tare da jiran cikar kogi ba. Baro ta koma reshe.

Na je garin da rani, ta hanyar Katcha, kuma hanyar ta ba mu wuya ƙwarai. Dogo yana nan, ciyawa ta rufe shi, awaki na kiwo a kai. A kan tudun da ke bayan gari akwai kufan gidajen Turawa, daga can kana hango kogi da fadamun shinkafa shimfiɗe har iyakar ganinka. Mata na bandar kifi a bakin ruwa, masunta na ɗinkin koma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sabuwar tashar jiragen ruwa da Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2019. Gini mai kyau, ga na'urar ɗaga kaya, amma ban ga jirgi ko ɗaya ba. Tashar ruwa ba ta aiki sai an yashe kogi, an kuma sami hanyar kwashe kayan. Mutanen 1907 tare suka haɗa ruwa da dogo. Ni dai a ganina, layin Baro zuwa Minna ya kamata a fara tayarwa, sannan a yi maganar jiragen ruwa.