Yadda na nemi akanta bayan tara ta riga ta taru a kan kamfanina

Ƙaramin kamfani gare ni a Kano, muna kai wa makarantu da ofisoshi kujeru da tebura. Tun da na yi masa rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, wani mutum da aka haɗa ni da shi ne ke kula da duk abin da ya shafi takardu. Kowa a layinmu akanta yake ce masa, kuma shi ne ya karɓo mini lambar haraji ba tare da wata wahala ba. Shi ne kuma ya tabbatar mini cewa tunda cinikinmu bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, babu ruwanmu da hukumar tara haraji ta tarayya, wato FIRS.

Rabin maganar gaskiya ce, kuma wannan rabin ne ya sa ta zauna mini. Dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni irin nawa biyan harajin riba. Abin da bai faɗa mini ba, ko don bai sani ba ko don bai damu ba, shi ne dokar ba ta ɗauke wa kowa kai lissafin shekara ba. Ko sisi ba za ka biya ba, wajibi ne ka miƙa bayanan kuɗin kamfani cikin wata shida bayan rufe shekarar lissafinka, kuma wanda ya makara a wancan lokaci tarar naira 25,000 ce a watan farko, sannan 5,000 a kowane wata da ya biyo baya, kuma kowace shekara da nata lissafin.

Ban san da wannan ba sai da wata kwangila mai tsoka ta taso, aka nemi takardar shaidar biyan haraji ta shekaru uku. Mutumin nawa ya fara da "gobe in sha Allahu", daga nan wayarsa ta daina shiga. Kwangilar ta wuce ni ina ji ina gani, kuma har yau ita ce ta fi yi mini ciwo, fiye da tarar kanta.

Daga nan na shiga neman akanta na gaske, kuma wannan karon ban tsaya ga shaidar baki ba. Wani abokin kasuwanci da ya daɗe yana hulɗa da bankuna ya nuna mini abin da ake dubawa. A Najeriya ƙungiyoyi biyu ne doka ta amince su ba da shaidar akanta, ICAN wadda aka kafa a 1965, da ANAN, sai kuma CITN ta masana haraji. Zama mamba kaɗai ma bai wadatar ba, domin wanda zai binciki lissafin kamfani ya sa hannu sai yana da lasisin yin aikin, da hatimi, da lambar rajista ta hukumar FRC mai sa ido kan rahoton kuɗi. Mutumin da na dogara da shi shekara da shekaru ba shi da ko ɗaya daga cikinsu.

Wanda na zaɓa a ƙarshe ba shi ne mafi sauƙin kuɗi ba. Abin da ya ja ni gare shi shi ne da na tambayi lambarsa ta mamba bai ɓata rai ba, ya rubuta mini ita a bayan katinsa, ya ce in je in tabbatar kafin mu yi maganar kuɗi. Ya ƙi yanke farashi sai ya ga takarduna. Na zube masa jakar leda cike da rasit, wasu ruwa ya taɓa su, da littafin ciniki mai baƙin bango, da bayanan banki. Ya daɗe yana juya shafukan yana sa alama da jan biro, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, kuɗin cefane da kuɗin kamfani duk a asusu ɗaya suke, daga nan za mu fara." Bai yi mini alkawarin ya san wani a ciki da zai share tara ba, kuma bayan abin da na gani, wannan ya fi komai kwantar mini da hankali.

A cikin wannan binciken ne ya gano wani abu da mutumin farko bai taɓa ambata ba. Wasu daga cikin waɗanda muke kai wa kaya suna cire wani kaso daga kuɗinmu a matsayin harajin da ake riƙewa tun daga tushe, ni kuma ina ɗaukar sa hasara ce kawai. Ashe kuɗin yana shiga da sunan kamfanina, kuma a lokacin ana iya bin sawunsa a TaxPro-Max, manhajar haraji ta FIRS. Ya kuma raba mini abin da ke na tarayya da abin da ke na jiha, domin harajin albashin ma'aikatana hukumar haraji ta Jihar Kano ake kai wa.

Duk da haka tarar sai da na biya ta, kuma na biya ladan haɗa lissafin shekarun baya gaba ɗaya a lokaci guda, abin da da an yi shi shekara-shekara da bai kai haka nauyi ba. Yanzu akwai yarjejeniya a rubuce tsakanina da shi, wadda ta fayyace aikinsa da kuɗinsa da ranakun miƙa kowane bayani, kuma duk abin da ya miƙa sai ya ba ni shaidar karɓa na ajiye da hannuna. Sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 sun sauya adadi da dama, har da sunan hukumar FIRS, kuma na riga na ji wasu a kasuwa suna maimaita waccan magana, wai an yafe wa ƙananan 'yan kasuwa. Duk wanda ya faɗa mini haka, ina tambayarsa ko an yafe masa kai lissafi, da kuma lambar mambar wanda ya gaya masa.