Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Muryar da aka ji a Churchill

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a saukata birnin Winnipeg na ƙasar Kanada cikin sanyin nan mai shiga har ƙashi. To yau sai na yi maganar Peter Mansbridge tukuna.

Ɗakin da muke haya akwai wata tsohuwar talabijin, in na dawo aiki ƙarfe 10 na dare sai in kamo CBC, gidan rediyo da talabijin na ƙasar, shirin The National, shi ke karanta labarai. A bakinsa kunnena ya saba da Turancin mutanen nan. Wani abokin aikina ne ya ba ni labarinsa, ashe ko sakandare bai gama ba, aiki yake da kamfanin jiragen Transair a filin jirgin Churchill can arewacin Manitoba, a 1968 wani mutumin CBC ya ji shi yana sanarwa ta lasifika sai kawai ya ce ya zo ya yi musu aikin rediyo. Lokacin bai wuce shekara 20 ba.

Wallahi daren nan ban runtsa ba. Maganar Kawu ce ta dawo min, ranar da na ce wa Baba aikin rediyo nake so, Kawu ya ce a zaure gaban kowa, "murya ba sana'a ba ce, ko maroƙi yana da ita." Baba bai ce uffan ba. Sau uku na je wani gidan rediyo a garinmu, ko makirufo ba su bari na taɓa ba, wai in kawo takarda daga wani babba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na 1988. Gidan talabijin na CBS na Amurka na zawarcinsa, sai Knowlton Nash, wanda ke kan kujerar karanta labaran The National, ya sauka ya bar masa don kada Kanada ta rasa shi. Babba ya tashi ya ba na baya wuri! Ni ko "Allah ya taimaka" ban samu ba. Ko maroƙi yana da ita. Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma har yau in na buɗe baki a taro sai na ji maganar nan.

Ranar 1 ga Yuli 2017 da Mansbridge ya yi sallama da aikin, Kanada na cika shekara 150, da 'yar autata muka kalla, ta ce Abba me ya sa idonka ya yi ja. Na ma tsallake zancen aurena da mamansu, shi ne na mako mai zuwa in Allah ya kai mu.