Kafin ku juya lamba, ku tambayi sau nawa za ta shiga

Ƙannena masu fama da lissafi, duk inda kuka ga uku bisa huɗu, wato 3/4, rabawa kuke gani. Layin nan da ke tsakanin lambar sama da ta ƙasa cewa yake yi a raba uku gida huɗu. Ya ma girmi alamar ÷ nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na 12 ake ganinsa a rubutun Al-Hassar, masanin lissafi na Maroko, ita kuwa alamar ÷ sai a 1659 Johann Rahn, masanin lissafi na Switzerland, ya shigo da ita harkar rabawa.

Ni ban san haka ba lokacin da nake aji. Ƙa'idar raba lamba irin 3/4 da wata irinta kawai na haddace: juya ta biyu, ta samanta ta koma ƙasa, ta ƙasanta ta koma sama, ka ninka. Hadda ba tare da fahimta ba kuwa ranar jarrabawa take gudu. Aka ba mu 3/4 ÷ 2/3, na rikice, na juya ta farko, na samu 8/9, na miƙa takarda hankalina kwance. Abin da ya fi damuna har yau shi ne, da na tsaya na dubi lambobin da idon basira, da na gane amsar ba za ta yiwu ba. Uku bisa huɗu ta fi biyu bisa uku girma, don haka dole ƙaramar ta shiga cikin babbar fiye da sau ɗaya. Amsar gaskiya 9/8 ce.

Tambayar da nake so ta zame muku jiki ke nan: sau nawa wannan zai shiga cikin wancan? Ku ɗauki igiya mai tsawon mita uku, ku yayyanka ta rubu'in mita, rubu'in mita. Kowace mita za ta ba da guntu huɗu, jimla 12. Shi ne 3 ÷ 1/4 = 12. To yanzu a ce kowane guntu 3/4 na mita ne. Guntun ya ninka girma sau uku, saboda haka yawansu zai ragu zuwa sulusi, 12 ta koma 4. Ku lura da abin da kuka yi: kun ninka da huɗu, kun raba da uku. Ninkawa da 4/3 ke nan. Ga asalin juyawar da ake sa ku haddacewa, kuma ga dalilin da ya sa lambar da ake rabawa da ita ce kaɗai ake juyawa.

Igiyar nan ta kuma warkar da ni daga wani zato da na daɗe a kansa, wai rabawa kullum rage lamba take yi. Na sha soke amsa daidai don na ga ta fi abin da na fara da shi. Idan abin da kuke rabawa da shi bai kai ɗaya ba, amsa hauhawa za ta yi, kada gabanku ya faɗi.

In juyawar ta shige muku duhu, akwai wata hanya da na fi ƙauna. Ku daidaita lambobin ƙasa. 3/4 ta zama 9/12, 2/3 ta zama 8/12. Tunda guntayen girmansu ɗaya yanzu, tambayar ta koma sau nawa takwas za ta shiga tara, wato 9/8.

Lamba mai haɗe da cikakkiya, irin 2½, ku fara mayar da ita 5/2 kafin ku taɓa komai. Idan kun gama kuma, ku ninka amsarku da lambar da kuka raba da ita. 9/8 sau 2/3 zai ba ku 18/24, wanda shi ne 3/4. In bai dawo da ku inda kuka taso ba, ku sake aikin kafin malami ya karɓi takarda.