Kafin ka zargi hancin bindiga

Samarin Katsina da ke sha'awar wasan harbi sun cika kallon bidiyon Amurkawa a YouTube, inda za ka ga mutum ya sauya wa fistol (ƙaramar bindigar hannu) hanci, ya zauna a garejinsa yana ɗura albarushi a kwanso da hannunsa, ya ce sirrin saiti ke nan. Dokarsu ta ba su dama. Tamu, wadda ke aiki tun 1959, ta sa fistol mai albarushi a jerin makaman da sai da izinin Shugaban Ƙasa ake mallaka, kuma haɗa harsashi a gida laifi ne. Ƙofar da ta rage wa mai son koyon saiti ita ce fistol ɗin iska, ita ma da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. A halin da jihar nan take ciki, kada ma ka taɓa ta sai takardarka ta fito.

Kada ka raina ta. Da ita ake gasar mita 10 a Olamfik tun 1988. Faɗin harsashinta milimita 4.5 ne, da'irar maki goma kuwa milimita 11.5. Yawancinmu da muka riga ku mun fara ne da baibai: mun kashe kuɗi a kan ƙarfe da harsashi, alhali gyaran yana hannu da ido.

Yi lissafin da kanka. Tsakanin tsagar saiti ta baya da tsinin gaba akwai kamar milimita 350. Allon bara yana nesa da milimita 10,000. Ke nan duk karkatar da tsinin ya yi a cikin tsagar, tana ninkuwa kusan sau 28 kafin ta isa allo. Kaucewar kashi ɗaya cikin uku na milimita, wadda da kyar ido ke kamawa, ta isa ta fitar da kai daga goma. Shi ya sa idonka zai tsaya a kan tsinin gaba, ya fito tar, baƙin da'irar can ya yi dishi-dishi. Sabon shiga ya fi son kallon allo, don nan yake son harsashi ya je, to nan ne kuwa ake yin asara. Ƙwararru da yawa ma a farin da ke ƙasa da baƙin suke ajiye saiti, saboda baƙin tsini a kan baƙar da'ira ɓacewa yake, sai su gyara sukurorin saitin yadda harsashi zai hau tsakiya.

Sai kunama. Dokar gasa ta ce kada nauyin janta ya gaza giram 500, don haka sassauta ta fiye da nan yaudarar kai ce. Ka ɗora tsokar kan yatsa, ka ja kai tsaye zuwa baya, matsin yana ƙaruwa a hankali har ta tashi. Hannu ba ya daina rawa, ko na zakaran duniya. Wanda ke jiran saiti ya tsaya cak sannan ya fizga, in badame ne za ka ga ramukansa sun taru ƙasa ta hagu. In ka ɗaga hannu ka kai daƙiƙa takwas zuwa goma ba ta tashi ba, sauke, ka numfasa, ka sake. Bindigogin gasa irin su Steyr, Morini da Walther suna da maɓallin da ke bari ka ja kunama ba tare da iska ta fita ba. Minti 15 kullum a gaban farin bango, kana lura ko tsinin ya motsa lokacin da ta ɗan yi ƙas, ya fi maka gwangwanin harsashi guda.

Sukurorin saiti ba a taɓa su don harbi ɗaya. Harba goma, ka duba tsakiyar tarin ramukan, ka matsar da tsagar baya zuwa ɓangaren da kake son harsashi ya koma. Bindigogin Jamus suna da wani tarko: a wasunsu harafin da ke kan sukuron yana nuna inda harsashin ya faɗa ne, ka karanta littafinta kafin ka murza.

In ramukanka sun fara taruwa wuri ɗaya, to lokacin maganar harsashi ya yi. Na gasa mai shafaffen kai ne, don ya yanke takarda tsaf, kuma a ƙasan gwangwani ko gefensa za ka ga 4.48, 4.49, 4.50 ko 4.51, tare da lambar rukunin da aka buga shi. Kowane hanci da abin da yake so, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su. Gwajin ba a hannu ake yinsa ba. A damƙe bindigar a teburi yadda ba za ta motsa ba, ba tare da an matse tukunyar iskarta ba, a harba goma-goma daga kowane gwangwani a sabuwar takarda. Bindiga mai lafiya da harsashin da ya dace da ita rami ɗaya za su yi, ɗan faɗi kaɗan. Wanda ya ci, ka sayi rukuninsa da yawa in aljihu ya yarda. Duk wanda gindinsa ya lotsa ka yar, wanda aka harba kuma ba a maimaita shi. Harsashin dalma ne, ka wanke hannu da sabulu kafin ka kai goro baki.

Abin da ake ɗora wa hanci a nan garin, sau da yawa laifin iska ne da yanayi. Ana cika tukunyar zuwa bar 200 (ma'aunin matsin iska) a yawancinsu, kuma in ma'auni ya sauka ƙasa da alamar kamfani, harsashi zai fara faɗuwa ƙasa-ƙasa, kai kuma ka hau murza saiti a banza. Zafin watan Afrilu wani abu ne: tukunyar da aka cika da sanyin safiya aka bar ta a mota har ta kai digiri 60, matsinta na iya haura 220. Hunturu kuma yana busar da robobin da ke toshe iska, su tsage, ka ji tana tsiyaya siii. Man silikon kaɗan ake shafa musu. Man inji ko na keken ɗinki kada ya kusanci inda iska ke matse, yana iya kamawa da wuta. Mafi haɗari shi ne kai tukunya wurin mai walda ya cika ta da iskar oksijin. Fashewa take yi. Famfonta na hannu ko tulun iskar masu nutso kawai. Akwai kwanan wata a jikin tukunyar, bayan shekara 10 an daina amfani da ita.

Shi hancin kansa, da wuya dalma mai laushi ta cinye shi. Masu shi ne ke kashe shi da sanda. Gefen bakin, inda harsashi ke rabuwa da ƙarfe, in ya sami ƙarzuwa ko ɗaya, iska za ta riga fita ta gefe guda ta ture harsashin. Saboda haka daga baya ake zura igiya mai ɗan ƙyalle a jawo ta gaba, ba a cusa ƙarfe ta baki. Ƙurar hunturu ta fi dalma illa, ka riƙa rufe ta a akwati. Bayan sharewa ka yi harbi ashirin ko talatin kafin ka yanke mata hukunci, sai hancin ya sake ɗaukar ɗan shafen dalma take komawa daidai.

In ka damƙe ta a teburi, iska cike, robobi lafiya, ka gwada harsashi kala uku ko huɗu, duk suka watse, a nan ne kaɗai za a duba hanci, kuma aikin mai lasisin gyaran makami ne, maƙerin unguwa ba shi da hurumi a ciki. Wurin gwajin kuma ya zama filin harbi da hukuma ta sani, da akwatin ƙarfe mai tare harsashi a bayan takarda da tabarau a idonka, domin dalma tana dawowa in ta bugi katako mai tauri.