Mai gadi ba shi da suna

Daren jiya na gama wani littafin soyayya, har shafin ƙarshe ba a faɗi sunan mai gadin gidan ba. Aikinsa ya buɗe ƙofa, a daka masa tsawa, mu yi dariya. Shi kuwa ɗan Alhaji, har launin motarsa da turarensa sai da aka zayyana mana. Dama masanin falsafar nan Karl Marx ya ce tunanin masu mulki shi ke mulkin kowane zamani. Abin da ya fi ɗaure mini kai, marubutanmu da yawa 'ya'yan talakawa ne, a Kanon da aka kafa NEPU, jam'iyyar talakawa, a 1950. Ƙawata ta ce kasuwa ce, wai ba mai sayen labarin mai gadi. Ni fa ban yarda ba.